Tafiya Kano da goyo: zancen kush

Ƴan uwa mata, duk wadda za ta Kano sarin atamfa da kuɗin asusu, ga goyo a baya, ta saurara.

Bara mun tashi Maraɗi mu huɗu, ta Ɗan Isa da Jibiya. Ɗaya cikinmu na da jinjiri ɗan wata bakwai, ta ɗauko kush shida kawai, wai hanya ba nisa. Jira a iyaka ya cinye rabin wuni, yaro kuma ga zawo. Kafin Katsina sun ƙare, sai da ta yage tsohon zane.

A shagon farko ta ce a ba ta kush, mai shago ya tsaya kallonta. Can famfas suke cewa, ko da Molfix ne. Ana samu a kemis (farmasinsu ke nan) da shagunan unguwa, har ɗaya-ɗaya suna saidawa, amma da naira. Ki canza kuɗi tun a iyaka.

Kada ki bi lambar jikin leda, kowane kamfani da tasa. Ki duba kilo. Nauyin yaronki na cikin karnen awo. Marasa suna da ake jibgewa a tiree kuwa, ni dai ban yarda da su ba. Arahar nan ta bar yaron da ƙuraje, man kaɗe muka yi ta shafa masa har muka dawo.

Ki riƙe leda ta ƙulle mai datti. Kada ki jefa a masan gidan da aka sauke ki, cika shi yake yi.