Dakarun Jiki da Matsalar Ɓari

Bahaushe ya daɗe yana neman dalilin ɓari. Idan ciki ya yi ta zube wa mace, wani ya ce shafar iska ce, wani ya ce sammun kishiya ne, wani kuma ya ɗora wa ita kanta laifin. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce duba matsayin fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun da ke tsaron jiki, a cikin wannan al'amari.

A shekarar 1953 wani masani ɗan Ingila, Peter Medawar, ya ja hankali ga wani abin mamaki. Jikin ɗan'adam yakan ƙi fata ko ƙodar da aka dasa masa daga jikin wani. Shi kuwa ɗan tayi rabin halittarsa daga uba take, ashe ke nan baƙo ne. To, yaya jikin uwa ke riƙe shi wata tara?

Bincike ya nuna cewa a farkon ciki kimanin kashi 70 cikin 100 na dakarun da ke bangon mahaifa wani iri ne da ake kira "makasa". Sunan ne kurum mai ban tsoro. A can ba kisa suke yi ba, taimakawa suke a faɗaɗa jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya. Akwai kuma wasu masu tsawata wa 'yan'uwansu kada su taɓa baƙon.

Sai dai wani lokaci tsarin kan lalace. Garkuwar jikin wata takan sa jini ya daskare a mabiyiya, ciki ya yi ta zubewa, kuma likitoci na da maganin wannan. Wata kuma jininta ba shi da alamar nan ta Rh, na ɗanta yana da ita, sai jikinta ya riƙa yaƙar jinin 'ya'yan da za su biyo baya. Allura ɗaya cikin awa 72 bayan haihuwa takan hana haka. Shi ya sa ake duba rukunin jini wajen awon ciki, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Gawon Nama.

A ganina, bai dace a mai da dakarun nan sababbin iskoki ba. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga tangarɗar ƙwayoyin gado na ɗan tayin yake zuwa, abin da ba uwa ba uba da ke da hannu a ciki.