FASHIN BAƘI: Kifi, zinare da keken guragu: wa ke da ikon kaiwa bakin kogi a tsaunukan Amurka?

Gwamnatin tarayyar Amurka tana riƙe da fili kimanin eka miliyan 640, wato kusan kashi 28 cikin ɗari na faɗin ƙasar baki ɗaya, kuma mafi yawansa yana jihohin yamma masu tsaunuka da kuma Alaska. A takarda, wannan fili na kowane ɗan ƙasa ne. Mutum yana iya shiga ya kafa tanti, ya yi fatsa, a wurare da dama ma ya tsuguna bakin rafi ya wanke tsakuwa yana neman ƙwayar zinare. Sai dai alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, sun nuna cewa fiye da kashi 12 cikin ɗari na manya suna fama da matsananciyar wahalar tafiya ko hawa bene. Ga waɗannan miliyoyin mutane, haƙƙin da doka ta ba su yakan ƙare ne a daidai inda kwalta ta ƙare.

Abubuwan sha'awa guda biyu ne suka fi fito da wannan matsala fili: kamun kifi da ƙwaron bogi, da wankin zinare da kwano. Dukansu a cikin rafukan tsauni ake yin su, sau da yawa a rafi ɗaya, kuma dukansu suna neman mutum ya sauka gangare ya kai ga ruwa. Daga nan ne muhawarar ta tashi daga batun nishaɗi ta koma ta siyasa.

Me ake nufi da fatsar ƙwaron bogi?

A fatsar da aka saba, nauyin dalma ko na ƙoto ne ke jan zare idan an wurga. A wannan salon kuwa, abin da ke bakin ƙugiya ba shi da wani nauyi. Gashin tsuntsu ne da gashin dabba da zare ake ɗaurewa a jikin ƙugiya har su yi kama da ƙwaron ruwa. Saboda haka igiyar ce ake yi da kauri da nauyi, mai fatsa ya riƙa kaɗa ta gaba da baya a cikin iska har ta miƙe ta ajiye ƙwaron a kan ruwa a hankali, kifi ya zaci abinci ne ya faɗo.

Kifin da aka fi nema shi ne tirawut, wanda ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi da tsabta. Da zarar ɗumin ruwa ya haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, sai ya fara galabaita. Shi ya sa a jihar Montana hukuma takan hana fatsa daga ƙarfe biyu na rana zuwa tsakar dare a kogunan da suka yi ɗumi lokacin zafi. Irin wannan ruwa a kan tudu ake samunsa, kuma al'adar masu wannan fatsa ita ce su shiga cikin rafin, ruwa har gwiwa ko ƙugu, su tsaya a kan duwatsu masu santsi. Mai ƙafar roba, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, ko dattijon da gwiwa ta gaza, ba zai iya wannan tsayuwar ba.

Dabarun da aka samo suna da yawa. Akwai kwale-kwalen da ake ɗaure kujera a cikinsa, matuƙi ya bi da shi gangaren kogi, mai fatsa yana zaune. Akwai dandamalin katako da ake ginawa a bakin ruwa, da shinge gajere yadda ba zai tare hannun wanda ke zaune ba. Akwai kuma salon Japan da ake kira tenkara, wanda doguwar sanda ce kawai da igiya, babu abin naɗe zare, don haka ya fi sauƙi ga mai hannu ɗaya. A shekarar 2005, wani tsohon hafsan sojan ruwa mai suna Ed Nicholson ya fara koya wa sojojin da suka dawo da raunuka daga Iraƙi da Afganistan wannan fatsa a asibitin soja na Walter Reed da ke birnin Washington a wancan lokacin. Shirin ya girma ya zama ƙungiyar Project Healing Waters, wadda yanzu take da rassa a sassan ƙasar.

Yaya wankin zinare yake, kuma wace doka ta halatta shi?

Zinare ya ninka ruwa nauyi sau 19, yashi kuwa bai kai ninki uku ba. Wannan bambancin shi ne sirrin sana'ar. Idan ambaliya ta kwaso zinare daga jikin dutse, yakan nutse ne a inda ruwa ya rage gudu: cikin kwanar rafi, bayan manyan duwatsu, da cikin tsagar falalen dutsen da ke ƙasan kogi. Mai nema sai ya haƙo tsakuwa daga irin waɗannan wurare, ya zuba a kwano, ya riƙa girgizawa a cikin ruwa har mai nauyi ya koma ƙasa, marar nauyi ya zube.

Girgiza kwanon ba shi ne aikin ba, domin ana iya yin sa a zaune a gaban kwatami. Aikin shi ne haƙa da ɗauka. Bokiti mai cin lita 20 idan aka cika shi da jiƙaƙƙiyar tsakuwa yakan kai kimanin kilo 30. Mai larurar tafiya yakan dogara ne da abokin tafiya da zai ɗebo masa, ko ya je wuraren da aka tanadi kwatamin wanki a tsayin kujera, ko ya sayi buhun ƙasa daga masu haƙa ya wanke a gida. A garin Coloma na jihar Kalifoniya, inda James Marshall ya tsinci zinare ranar 24 ga Janairun 1848 har duniya ta yi ca a kan yankin, an mai da wurin dandalin tarihi, kuma ana barin baƙi su yi wanki da hannu da kwano kawai.

Dokar da ke bayan wannan duka tsohuwa ce. Shugaba Ulysses Grant ne ya sa mata hannu a watan Mayun 1872, kuma har yau tana aiki. Ta ba ɗan ƙasa damar ya kafa shaida a kan fili har eka 20 a bakin rafi idan ya gano ma'adini, ya riƙa biyan kuɗin rajista duk shekara, zinaren da ya samu kuma nasa ne, gwamnatin tarayya ba ta da kaso a ciki. Hukumar BLM, mai kula da eka miliyan 245, tana ɗaukar wanki da kwano da shebur a matsayin aikin da ba ya buƙatar izini a yawancin filayenta. Amma filin da wani ya riga ya kafa wa shaida, ɗibar tsakuwa a cikinsa ba da yardarsa ba laifi ne. Wuraren da ke kusa da hanya kuwa, tuni aka kama da yawa daga cikinsu. Wanda ke da ƙafa sai ya ƙara gaba cikin daji, wanda ba shi da ita sai ya haƙura.

Inda mai fatsa da mai wanki suka yi karo

Tsakuwar da mai neman zinare ke tonawa ita ce shimfiɗar da tirawut da salmon ke zuba ƙwai a ciki. Kwano da shebur ba sa yin ɓarna mai yawa, amma injin zuƙo yashi, wanda ke tsotse ƙasan kogi ta cikin mesa, wani abu ne daban.

Akwai kuma tsohon dafi a kwance. Masu haƙar ƙarni na 19 sun yi amfani da zaiba, wato sinadarin makuri, wajen kama ƙananan ƙwayoyin zinare. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa kimanin fam miliyan 10 na zaiba, sama da tan dubu huɗu, ya zube a Kalifoniya daga wannan aiki, mafi yawa a tsaunukan Sierra Nevada. Idan aka tayar da lakar ƙasan kogi, zaibar takan watsu, ta rikiɗe ta shiga jikin kifi, daga nan ta shiga jikin mai ci. Irin wannan bashin da haƙar zinare ke bari ba baƙo ba ne ga mutanen Zamfara, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta hallaka yara kimanin 400 a shekarar 2010.

Ƙabilar Karuk, 'yan asalin gaɓar kogin Klamath waɗanda abincinsu da al'adarsu suka ta'allaƙa da salmon, su ne suka ja gaba wajen kai ƙara kan injin zuƙo yashi. A 2009 Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa hannu a dokar dakatar da shi a Kalifoniya, a 2016 kuma kotun ƙolin jihar ta yanke cewa dokar 1872 ba ta hana jiha ɗaukar wannan mataki ba. Jihar Oregon ta bi sahu a 2017, ta haramta injin a rafukan da salmon ke hayayyafa.

Abin da doka ta ba mai keken guragu, da abin da ta hana shi

Mutane da yawa suna zaton shahararriyar dokar naƙasassu ta ADA, wadda Shugaba George H. W. Bush ya sa wa hannu ranar 26 ga Yulin 1990, ita ce ke iko da waɗannan filaye. Gaskiyar ita ce, hukumomin tarayya wasu dokoki biyu ne da suka girme ta ke ɗaure su: dokar gine-gine ta 1968, da sashe na 504 na dokar 1973 wanda ya haramta nuna bambanci a duk shirin gwamnatin tarayya. Sai a 2013 aka fitar da cikakken ma'auni na hanyoyin ƙafa da wuraren yada zango a filayen tarayya. Ma'aunin ya ce hanya ta kai faɗin inci 36, kimanin santimita 91, ƙasanta kuma ta kasance mai ƙarfi wadda taya ba za ta nutse ba. To amma ya shafi sababbin ayyuka ne kawai da waɗanda aka yi wa kwaskwarima, kuma ya bar ƙofa ga inda yanayin ƙasa ya sa aikin ba zai yiwu ba. Tsohuwar hanya tana iya zama yadda take shekara da shekaru ba tare da an karya doka ba.

Sannan akwai dazuzzukan da dokar 1964 ta keɓe, sama da eka miliyan 110, inda aka haramta mota da babur har da keke. A nan dokar ADA ta yi magana kai tsaye: mai buƙatar keken guragu yana da damar shiga da shi, ko da mai batir ne, muddin irin wanda za a iya amfani da shi a cikin ɗaki ne. Amma a sashen nan ɗin aka ƙara da cewa babu hukumar da aka wajabta wa gina wani abu ko gyara ƙasa domin sauƙaƙa masa. An buɗe masa ƙofa, ba a share masa hanya ba. Akwai kuma katin shiga kyauta na tsawon rai da gwamnati ke bai wa masu naƙasa ta dindindin, sai dai katin kuɗin ƙofa yake ɗaukewa, ba ya rage tsayin gangare.

Siyasar hanyar mota

Wannan giɓi ne 'yan siyasa suka shigo ta cikinsa. Tun 2005 Hukumar Gandun Daji, mai kula da eka miliyan 193, take aiki da ƙa'idar da ta taƙaita motoci ga hanyoyin da aka ayyana a taswira, kuma an rufe hanyoyi da dama don kare ruwa da namun daji. Ƙungiyoyin masu neman zinare da masu hawan babura a daji suna cewa duk hanyar da aka rufe, tsofaffi da naƙasassu aka kora. Hukumar kuma matsayinta shi ne, rufewar da ta hau kan kowa ba nuna bambanci ba ce.

Sanata Mike Lee na jihar Utah ya gabatar da ƙudirin da ke neman ɗaure hannun hukumomi wajen rufe hanyoyin mota, da hujjar kare naƙasassu. Masu suka, ciki har da wasu masu fafutukar haƙƙin naƙasassu, sun ce an fake da guzuma ne ana harbin karsana, domin hanyar da aka buɗe da sunan gurgu ita ce motar katako da ta ma'adinai za ta bi. Sun kuma tuna cewa shi wannan sanatan ne a watan Yunin 2025 ya nemi a sayar da wani ɓangare na filayen gwamnati, kafin matsin lamba daga masu farauta da masu fatsa na jam'iyyun biyu ya sa ya janye. A watan nan dai ne Sakatariyar Noma Brooke Rollins ta bayyana shirin soke ƙa'idar 2001 da ta hana sababbin hanyoyi a kusan eka miliyan 58 na gandun daji.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Wanda ba ya iya tafiyar mita ɗari, mota ce ƙafarsa, kuma ƙofar ƙarfe a bakin hanya ta raba shi da rafin da ya saba zuwa tun yana yaro. A ɗaya hannun, hanyar ƙasa tana zubar da laka cikin rafi duk damina, lakar ta toshe tsakuwar da ƙwai ke ciki, sai mutum ya isa bakin ruwa ya tarar babu kifin da ya zo nema. Abin da ya fi amfanar mai keken guragu sau da yawa ƙaramin aiki ne: wurin ajiye mota kusa da ruwa, gajeriyar hanya mai ƙarfi, dandamali, makewayi mai faɗin ƙofa, da sahihin bayani kan faɗi da gangaren hanya tun kafin ya bar gida. Dokar EXPLORE, wadda Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a Janairun 2025, ta umarci hukumomi su tantance hanyoyinsu, su wallafa irin wannan bayani, su kuma samar da sababbin hanyoyi masu sauƙin bi.

Umarnin doka dai ba ya zuba kankare. Aikin yana buƙatar kasafi da ma'aikata, kuma a shekarar da aka sa wa dokar hannu ne gwamnatin Donald Trump ta rage dubban ma'aikata a hukumomin da za su aiwatar da ita. Masu bibiyar dokar naƙasassu ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019 tare da wa'adin shekara biyar na gyara gine-ginen gwamnati, sun san yadda wa'adi ke cika matakala tana nan inda take. A tsaunukan Amurka ma ma'aunin ɗaya ne: a ƙirga rafukan da mai keken guragu zai iya kaiwa bakinsu shi kaɗai bana, a sake ƙirgawa baɗi.