Ko Ka San Takalmin da Ake Gasawa Kafin a Sa Shi?

Da zarar watan Nuwamba ya kama, mutanen da ke zaune a gindin tsaunukan Alps, daga Faransa har Ostiriya, sukan fara ɗaga kai suna duba ko ƙololuwa ta yi fari. Lokacin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ne ya ƙarato, kuma yakan kai har cikin Afrilu. Sai a fito da katakon zamiya, wato siki, daga ɗakin ajiya, a wasa ƙarfen da ke gefensa, a shafe cikinsa da kaki don ya yi sulɓi. Wannan aikin yini ɗaya ne. Inda ake shan zama shi ne shagon masu daidaita takalmi. A can za ka tarar da dattijo zaune a kan benci, ya naɗe wando zuwa gwiwa, wani ya durƙusa a gabansa yana auna masa ƙafa kamar tela. Awa ɗaya ko biyu sai ta tafi a kan takalmi guda.

Dalilin wannan wahala yana cikin aikin da takalmin yake yi. Sikin babban mutum ya fi mita ɗaya da rabi tsawo, kuma ba shi da linzami ko sitiyari. Ƙwaurin mai zamiya ne kawai ke juya shi, takalmin kuwa shi ke kai saƙo daga ƙwauri zuwa katako. Duk direban da ya taɓa tuƙa mota mai sakakken sitiyari ya san fargabar: ka murɗa, taya ba ta amsa ba sai can. Haka yake ga wanda ƙafarsa ke yawo a cikin takalmi yana gangaro dutse a guje. Shi ya sa aka ƙera shi da roba mai taurin gaske, ya hau har tsakiyar ƙwauri, ya ɗan sunkuya gaba, kowace ƙafa ta kai kusan kilo biyu. Gefe da gefe ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Gaba kaɗai yake bayarwa, shi ma da ƙyar.

Da can na fata ne, mai igiya, aikin dukawa. Fata kuwa in ta sha ruwa sai ta saki, igiyar ta daskare, mutum ya tsaya cikin sanyi yana fama da ita da yatsun da suka mutu. A 1955 kamfanin Henke na ƙasar Suwizalan ya fito da takalmi mai maɓallan ƙarfe da ake dannawa su kulle. A farkon shekarun 1960 wani Ba'amurke, Bob Lange, mutumin garin Dubuque a jihar Iowa, ya fara yin gangar jikin takalmin da roba, kuma kafin shekarun 1970 su yi nisa na fata ya ɓace daga fagen tsere. Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne garin Montebelluna da ke arewacin Italiya. Dukawansa sun daɗe suna ɗinka wa masu hawan dutse takalmi, da roba ta zo sai suka koyi zuba ta a mazubi, har yankin nasu ya zama cibiyar wannan sana'a a duniya. Kamfanonin Nordica da Tecnica duk 'yan can ne.

Takalmin yau gida biyu ne: ɓawo mai tauri a waje, da ɗan ciki mai laushi da ake iya zarewa. Lambarsa ma dabam take. Ana kiran tsarin Mondopoint, kuma tsawon ƙafa ne a santimita, mai ƙafa santimita 27 lambarsa 27. Sai faɗi, wanda ake aunawa a gindin yatsu: milimita 98 na siririyar ƙafa ne, 100 matsakaici, 102 zuwa sama na mai faffaɗar ƙafa. Milimita biyu kacal tsakaninsu, amma su ke raba mai yini a kan dutse da mai komawa masauki tun da hantsi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen babba. A shago, takalmin da ya yi daidai matsewa yake yi, har babban yatsa na taɓa gaba, sai mai saye ya ce a ba shi na sama da shi. Abin da bai lura da shi ba, soson da ke cikin ɗan ciki yakan kwanta bayan 'yan kwanaki ana sawa. Wanda ya yi daɗi a shago sai ya zama kwale-kwale a kan dutse. Diddige ya riƙa ɗagawa, ƙwauri na dukan harshen takalmi, yatsa na cin karo da gaba har farce ya yi baƙi. Daga nan mutum zai ƙara matse maɓallai don ya tsayar da ƙafar, jini ya daina gudu sosai, yatsu su yi sanyi ƙalau. Wasu su ƙara safa a kan safa, abin ya daɗa lalacewa. Safa ɗaya siririya mai tsawo ita ce ƙa'ida.

Gwanin daidaita takalmi yana da gwajin da ba ya ƙarya. Zai zare ɗan ciki, ya sa ka zura ƙafa a cikin ɓawon, ka matsa gaba har yatsu su taɓa. Sai ya leƙa bayan diddige. In ratar ta kai faɗin yatsa ɗaya zuwa biyu, wato kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, an dace. In yatsa uku ya shiga, ya yi yawa. Bayan an mayar da ɗan ciki an kulle, kana tsaye ƙyam yatsunka za su shafi gaba, da ka tura gwiwa gaba sai diddige ya zauna a gurbinsa, yatsun su ɗan ja da baya. An fi son a yi gwajin da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

Sai kuma gashin. Ana sa ɗan ciki a na'urar da ke hura masa iska mai zafi, wasu takalman ma har ɓawon ake sawa a cikin tanda ta musamman na 'yan mintoci. Yana da ɗumi za a sa maka shi, a kulle, ka tsaya cik har ya huce ya ɗauki siffar ƙafarka. In wani ƙashi ya fito a gefen babban yatsa ko a idon sawu, gwanin zai sa alama a wurin, ya ɗumama robar, ya tura ta waje da matsi, ko ya kankare ta daga ciki. Don haka ƙaramin takalmi yana da magani, babba kuwa ba a iya rage shi. A wannan zama, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya ji kunyar cewa nan yana yi masa zafi, shi zai sha a kan dutse.

Akwai wata lamba a jikin takalmin, daga wajen 60 zuwa 130, mai nuna taurinsa. Ɗan koyo da mara nauyi ƙarama suke bukata, gwani da mai jiki babba. Kamfanoni ba su haɗu a kan ma'auni ɗaya ba, 100 na wannan ba lallai ya zama 100 na wancan ba. Sanyi kuma yana ƙara wa robar tauri, shi ya sa ba a barin takalmin ya kwana a mota.

To, ƙafar da aka ɗaure haka a jikin dogon katako, in aka faɗi fa? Katakon zai murɗe ta har ƙwauri ya karye, kuma haka ake ta karyewa a da. Hjalmar Hvam, ɗan asalin Norwe mazaunin Portland a Amurka, ya karya ƙafa a 1937, a 1939 ya fito da mariƙin takalmi mai saki da kansa. Mariƙin yau yana da sifirin a gaba da baya: na gaba ya saki in aka murɗe, na baya ya saki in aka kifa. Ƙarfin sakin yana da lamba da ake kira DIN, kuma ana lissafa ta daga nauyin mutum, tsawonsa, shekarunsa, gwanintarsa da tsawon tafin takalminsa. Wanda ya sake takalmi, ko ya yi ƙiba ko ya rame, wajibi ne ya kai a sake saita masa kafin ranar farko. Binciken da aka faro a Sugarbush ta jihar Vermont tun 1972 ya nuna karayar ƙwauri ta ragu ƙwarai, sai dai tsinkewar jijiyar gwiwa ta ƙaru, domin ƙarfin da ƙwauri ya tsira daga gare shi gwiwa yake haurawa.

Masu zamiya da allo guda, wasan da ya shiga gasar Olamfik a Nagano a 1998, nasu takalmin mai laushi ne, na igiya ko na waya da ake murɗawa, har ana iya tafiya da shi ba ɗingishi. Mariƙinsu ba ya saki, rauninsu ya fi yawa a wuyan hannu. Su ma abin dubawarsu diddige ne: in aka jingina gaba ya ɗaga, takalmin ya yi yawa.

Wanda ya fito da tsohon takalmi daga ajiya, ya duba shi da kyau a cikin haske. Robar tana tsufa ko ba a sa ta ba, kuma wanda ya daɗe ƙwarai yakan tsage farat ɗaya cikin sanyi. Tafin ma yakan cinye saboda tafiya a kan kwalta, in ya cinye kuwa mariƙi ba zai saki a inda ya kamata ba. Kowace yamma bayan an sauko, a zare ɗan ciki ya bushe nesa da wuta, sannan a kulle maɓallan sako-sako kafin a ajiye, don kada ɓawon ya buɗe baki.