Tsirkiya ta tsinke a Shinkafi, kamfaninta na Amurka: wa makaɗi zai kai wa kuka?

Duk ranar Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci. Ana kawo shanu da raƙuma da tumaki, ana sauke gero da dawa da wake, fatake na zuwa daga Sakkwato da Katsina har da ƙetaren iyaka ta wajen Maraɗi. Amma wanda ya shigo neman tsirkiyar jitar bes, wato babbar jitar nan mai kaurin murya da ke riƙe gindin kiɗa, da wuya ya fita da ita a aljihu. Sai dai ya yi saƙo Gusau, in ba a dace ba a wuce Sabon Garin Kano, inda su ma yawancin kayan kiɗansu daga kasuwar Alaba ta Legas suke hawowa.

Masu buƙatarta a wannan yanki ba su da yawa: makaɗan majami'u a Ƙaura Namoda da Gusau, 'yan ƙungiyoyin kiɗa na ɗalibai, da masu jita da ke bin bukukuwa tsakanin nan da Nijar. Mawaƙan zamani na Hausa ba ruwansu da wannan wahala, domin tun shekarun 1990 fiyano ƙirar Yamaha ke ba su muryar bes da ta kalangu da ta sarewa a ɗakin naɗar waƙa, ba tare da an ja waya ko ɗaya ba.

To amma ga wanda jitar ce abincinsa, tsirkiya ɗaya tak na iya hana shi aikin mako. Kuma idan wadda ya saya ta zo da aibi, sai tambaya ta taso: wa zai riƙe?

Da can, mai yin ta maƙwabci ne

Arewacin Zamfara ba baƙon kiɗa ba ne. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, mutumin Tubali ne, ko da yake shi da kotso aka san shi. A ɓangaren masu tsirkiya kuwa akwai Hassan Wayam mai kukuma, ɗan asalin ƙasar Maradun da ya zauna Zariya. A wasu sassan ƙasar Hausa an yi Garba Supa da Ahmadu Doka, an yi Haruna Uji na Haɗeja mai gurmi, an yi Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, wanda ya rasu a 2015.

Babu ɗaya daga cikin kayan kiɗan nan da tsirkiyarsa ke fitowa daga masana'anta. Goge ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, aka ja mata izgar doki, aka ɗora izgar bisa ɗan itacen da ake kira jaki. Abin gogawar shi ma izga ce, a kan shafa mata ƙaro don ta riƙa kama tsirkiyar. Garaya da molo da gurmi kuwa, a da daga jijiya ko fata ko izga ake murɗa tsirkiyarsu, kafin igiyar nailan ta masunta ta shigo ta maye gurbi. A ƙasar da kogin Gagare da na Bunsuru suka ratsa, igiyar fatsa ba abin nema ba ce.

Sau da yawa makaɗin da kansa ke haɗa abinsa, ko yaransa su haɗa masa. In ma saya ya yi, wajen wanda ya sani ne. Idan izga ta zo da rauni ta fara zubewa gashi ɗaya-ɗaya, ba takarda ake nema ba. Tashi zai yi ya je ƙofar gidan mai ita, a gaisa, ya ce, "Malam, wannan fa ba ta yi ba." A canza masa, domin gobe ma za a haɗu a masallaci, kuma bakin makaɗi ba abin wasa ba ne: wanda ya cuce shi yana iya jin sunansa a waƙa kafin kasuwa ta zagayo.

Wannan shi ne garanti na asali, kuma ya fi na kan kwali ƙarfi. Abin da ya riƙe shi kuwa kusanci ne kawai.

Kada a ɗauka izga kayan ƙauye ce. Har yau manyan masu gogen Turawa a Jamus da Faransa da izgar doki suke gogawa, mafi yawanta daga Mongoliya da Saberiya ake kai musu. Bambancin shi ne can an mayar da abin sana'a mai dillalai da ma'auni, nan kuwa dawakin ma sun ragu, sai na fada da na hawan Sallah.

Yadda ake yin ta ƙarfe

Jitar bes ta lantarki ta bazu ne daga 1951, lokacin da Leo Fender ya fitar da samfurin Precision a Amurka. Yawanci tsirkiya huɗu gare ta. Mafi kauri tana kaɗawa kimanin sau 41 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa a ƙirji ake jin ta fiye da a kunne, kuma kowace ɗaya tana jan wuyan jitar da nauyin da ya kai kimanin kilo 20.

Ba waya ce guda ba. Akwai zuciya ta ƙarfe a ciki, sannan a naɗe ta da wata siririyar waya, sau ɗaya ko fiye. A nan ne aibi ke ɓuya. Idan naɗin bai kama zuciyar da kyau ba, ko ya saki a hanya, tsirkiya za ta fito daga leda sabuwa ful tana ƙyalli, a ɗaura ta, a taɓa, sai a ji murya a dishe kamar an buga kwali. Makaɗa na ce da irinta matacciya. Ido ba ya gane ta a shago; sai an ɗaura, kuma kafin a ɗaura sai an yanke bakinta.

Sunayen da suka mamaye kasuwar kaɗan ne. Akwai D'Addario da ke jihar New York, wanda zuriyarsu ta fara murɗa tsirkiya da hanjin tumaki a ƙauyen Salle na Italiya tun ƙarni na 17, kafin su fara sayarwa da sunan gidansu a 1974. Wato su ma daga inda mai garaya ya fara suka fara. Akwai Rotosound na Ingila, wanda James How ya kafa. A 1966 John Entwistle, mai kaɗa bes na ƙungiyar The Who, ya je masana'antar da kansa ya zauna da su har aka fitar da samfurin Swing Bass 66 yadda kunnensa ke so. Sai Ernie Ball na Kalifoniya, da Elixir da ya shigo a 1997 da tsirkiya mai rufin roba da ke hana datti shiga.

Labarin Entwistle ya nuna cewa a can ma kusanci ne ke aiki. Makaɗin da ke Landan ko New York in ya ci karo da matacciyar tsirkiya, yakan koma shago ko ya aika wa kamfani saƙo da hoton kwali da rasit, kuma an saba a aiko masa da madadi, domin kamfanin ya san farashin waya ɗaya bai kai farashin sunansa ba.

Hannu nawa kafin ta iso

Yanzu a lissafa hanyar da kwali ɗaya ke bi kafin ya iso Shinkafi. Daga masana'anta zuwa mai shigo da kaya a Legas, daga shi zuwa ɗan sari a Alaba, daga nan zuwa mai shago a Kano, sai direba ko ɗan saƙo ya ɗauko zuwa Gusau, a sake ɗora wa wata mota ta Ƙaura Namoda ta miƙa arewa. Hannu biyar ke nan ko shida. Rasit, in ma an rubuta, da sunan wani aka rubuta shi, kuma a ƙasansa akwai layin nan da kowa ya sani: kayan da aka saya ba a mayarwa.

Mai shago zai ce kai ka yanke ta. Ɗan sari zai ce a rufe ya sayar. Kamfani kuwa, in an samu an aika masa saƙo da Turanci, abin da zai fara tambaya shi ne ko daga dillalinsa na hukuma aka saya. A nan zance ke ƙarewa ga yawancin mutane.

Sannan ga jabu. Matsalar ta kai har D'Addario ya fito da wani tsari mai suna Play Real: kowace ledar ciki na ɗauke da lamba ta musamman, wadda mai saye zai shigar a shafin kamfanin na intanet ya ga ko tasu ce. Dabara ce mai kyau, sai dai tana buƙatar sabis. A watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako, ba lambar ba, ko kiran ɗan saƙo ya gagara na tsawon makonni.

Kuɗi ma ya ƙara tsananta lamarin. Kwali ɗaya na tsirkiyar bes mai suna yakan kama daga dala 20 zuwa 40 a Amurka. A farkon 2023, da dala ke wajen naira 460 a farashin hukuma, dala 20 ba ta kai naira dubu 10 ba. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, dala ta haura 1,500 a farkon 2024, wannan dala 20 ɗin ta koma naira dubu 30, ban da kuɗin kwastan da na mota da ribar kowane hannu. A daidai wannan lokaci iyakar Nijar na rufe, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, hanyar Maraɗi ma ta toshe. Wanda aka nuna wa kwali mai tambarin Amurka a rabin wannan kuɗi, ya kamata gabansa ya faɗi. Araha ba ta ado.

Doka ba ta yi shiru ba

A takarda, mai saye na da haƙƙi. Dokar kare masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum damar mayar da kayan da suka zo da aibi, kuma rubutun ƙasan rasit bai isa ya soke wannan ba. A jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 1999, wannan ma ba sabon zance ba ne: malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da bayanin zaɓin da mai saye ke da shi na mayar da kaya idan ya gano ɓoyayyen aibin da ya riga ciniki.

Amma a gaskiya, wane ne zai bi hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura, da halin da hanyar ke ciki, ya kashe kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, don ya yi jayayya kan waya ɗaya? Haƙƙin da nemansa ya fi shi tsada, sunansa kawai haƙƙi.

Shi ya sa makaɗa suka koma ga dabara. Tafasa tsohuwar tsirkiyar bes a ruwa na 'yan mintuna yana fitar da gumi da ƙurar da suka cushe tsakanin naɗin, muryar ta ɗan dawo na wani lokaci; dole a busar da ita sarai, in ba haka ba tsatsa ta cinye ta, kuma ba a maimaitawa da yawa. Goge ta da ƙyalle bayan kowane wasa, musamman lokacin hunturu da ƙura, ya fi tafasawar amfani. Wasu ma ba sa canzawa: James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na Amurka, ya shahara da barin tsirkiyarsa shekara da shekaru sai in ta tsinke.

Maƙwabtanmu na hamada sun wuce nan. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, wadda ta ci lambar Grammy a 2012, da gwangwani da sanda da wayar burkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Mdou Moctar na Nijar, da yanzu ke zagaya duniya da kiɗa, shi ma da wayar keke ya fara. Sai dai wannan dabara ta ƙaramar jita ce. Wayar burki ba ta da nauyin da za ta ba da muryar bes, don haka mai bes ba shi da mafita sai shago.

Abin da ya rage masa shi ne ya gina wa kansa irin kusancin da mai garaya ke da shi. Ya tsaya ga mai shago ɗaya a Kano ko Gusau, ya zama sananne a wurinsa, maimakon bin duk inda aka rage naira ɗari biyar. Kafin a ba direba kaya, a turo masa hoton kwali da na lambar ledar ciki ta WhatsApp, ya duba. Ya faɗi tsawon jitarsa, domin mai inci 34 da mai inci 30 ba tsirkiya ɗaya suke ɗauka ba, kuma yawan rigimar "ba ta shiga ba" daga nan take. A yi magana tun kafin kuɗi ya fita: in ɗaya ta zo a mace, wa zai ɗauka? In kayan sun iso, ya ɗauki bidiyo yana buɗewa yana ɗaurawa, ya kuma ajiye tsofaffin da ya cire a leda, kada ya zubar. Ranar da sabuwa ta tsinke ana tsakiyar biki, tsohuwar ce za ta ƙarasa daren.