Fatar Kifi: Daga Baga Road Zuwa Ɗakin Bincike

Yau shirin namu ya yada zango a Kasuwar Kifi ta Baga Road da ke Maiduguri, inda ƙamshin banda ke tarbar mutum tun daga bakin titi. Ga kwalaye nan an ɗaure tamau da igiya, tarwaɗa da karfasa da bargi na Tafkin Chadi, 'yan dako na ta lodi, sai Onica, sai Legas.

Abin da ya kawo mu shi ne fata da ɓawon kifi, waɗanda ba wanda ke tayawa. A cikinsu akwai sinadarin kolajin, irin wanda ke riƙe da fatar ɗan Adam. A birnin Fortaleza na Brazil, likitoci na tsabtace fatar karfasa su lulluɓe ƙuna da ita har ta warke. Kamfanin Kerecis na ƙasar Iceland, mai sarrafa fatar kifi don gyambo, an saye shi a 2023 kan sama da dala biliyan ɗaya.

Masu man shafawa su ma sun shigo layi. Tun 2013 Tarayyar Turai ta haramta sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a jikin dabbobi, don haka ake ƙera fatar gwaji a ɗakin bincike, kolajin kuwa na cikin kayan haɗa ta. Ga mu Musulmi kuma, kolajin na kifi ya raba mu da shakkun na alade. Ɓawon ma yana da nasa amfanin: a 2020 masana a Nanjing ta ƙasar Sin suka yi wata siririyar leda daga ɓawon kifi, wadda za a ɗora mata lantarki a manna a jiki, in an gama da ita ta ruɓe a ƙasa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Zafin wuta na lalata kolajin, kifin kasuwar nan kuwa tun a Doron Baga ake bandarsa. Tarwaɗa ma ba ta da ɓawo, sai fata. Ke nan sai an feɗe kifin ɗanye a bakin ruwa, an sa ƙanƙara, ƙanƙara kuma sai da wutar lantarki da kwanciyar hankali a hanya.

Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Koyar da Kiwon Kifi ta Baga, ku zauna da masuntan tafkin, a fara gwaji da fatar karfasa.