Dabino da Kashu a Kwano Ɗaya: Dokokin Haɗa Abinci na Masu Cin Ɗanye

Yau za mu leƙa ɗakin girkin wasu mutane ne da ba sa hura wuta.

A Amurka da Jamus da wasu ƙasashen Turai akwai jama'ar da suka ɗaura aniyar cin abinci ɗanye zalla: 'ya'yan itace, ganyaye, ƙwayoyi irin su kashu da almon da riɗi, da hatsin da aka jiƙa har ya tsiro. Ƙa'idarsu ita ce kada zafin da zai taɓa abinci ya wuce maki 48 a ma'aunin Salshiyas, wasu ma sun tsaya a 42. Hujjarsu, wai wuta tana kashe wasu sinadarai masu rai da ke cikin abinci. Wanda ake ɗauka kakan wannan tafiya shi ne wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, wanda ya buɗe gidan jinya a birnin Zurik a 1904, yana ciyar da majinyatansa ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itace.

To amma sabon shiga ba ya daɗewa sai ya tarar da wata katanga ta biyu. Bai isa ya bar tukunya ba, sai kuma an ce masa akwai abin da ba a haɗawa da wani abin a ci ɗaya.

Waɗannan dokoki suna da masu su. William Howard Hay, likita ne a jihar New York, shi ya yaɗa a shekarun 1920 cewa kada a haɗa abinci mai sitaci da mai furotin a zama ɗaya. Sai Herbert Shelton, wanda ya yi makarantarsa ta kiwon lafiya a San Antonio da ke jihar Texas, ya faɗaɗa abin a wani ɗan littafi da ya fitar a 1951 mai suna Food Combining Made Easy. Shi Shelton ba shi da lasisin aikin likita, an kuma sha kama shi a kan haka, amma dokokinsa sun fi shi tsawon rai. A 1985 Harvey da Marilyn Diamond suka sake musu sabuwar riga a littafinsu Fit for Life, wanda ya sayu miliyoyi.

Ga yadda dokokin suke. An kasa 'ya'yan itace gida uku: masu tsami kamar lemo da abarba, masu ɗan tsami kamar mangwaro da tuffa, da masu zaƙi kamar ayaba da dabino. Masu tsami da masu zaƙi ba sa haɗuwa. Kankana a sha ta ita kaɗai, ciki ba komai. Zaƙi ba ya tafiya da furotin, ba ya tafiya da sitaci. Madara ita ma ita kaɗai. Kayan zaƙi na bayan abinci kuwa, Shelton cewa ya yi a yi watsi da su ɗungurungum, domin a ganinsa za su je su zauna a kan abincin da ya riga su, su yi tsami, su cika mutum da iska.

Nan ne kan sabon shiga yake ɗaurewa. Ya buɗe littafin girkin masu cin ɗanye, shafin kayan zaƙi, me zai gani? Dabino an kirɓa shi da almon an yi dunƙule-dunƙule. Kek ɗin da ba a gasa ba, ƙasansa dabino da kwakwa, samansa kashu da aka jiƙa aka markaɗa da ruwan lemon tsami da man kwakwa. Fiya da garin koko da zuma. Kowanne daga cikinsu zaƙi ne aka cakuɗa da mai da furotin, wato kowanne ya taka dokar Shelton. Abin dariyar ma, abincin da ya yi wa Bircher-Benner suna a duniya, wanda ake kira muzli, gurzajjiyar tuffa ce da jiƙaƙƙen hatsin oti da ruwan lemon tsami da madarar gwangwani da ƙwayoyi, duka a kwano ɗaya. Da Shelton zai duba kwanon, da wuya ya samu doka ɗaya da ta tsira.

Sai mu tambayi cikin kansa, tunda shi ake yi wa dokar.

Tumbin ɗan Adam cike yake da ruwa mai tsananin tsami, wanda ma'auninsa yake tsakanin 1.5 da 3.5. A irin wannan tsami yawancin ƙwayoyin da ke sa abu ya ruɓe ba sa iya aiki, saboda haka maganar cewa ayaba za ta zauna a kan gyaɗa ta ruɓe a tumbi ba ta da tushe. Tumbi kuma ba ya barin abinci a jere hawa-hawa. Murɗa shi yake yi yana damawa har ya koma kamar kunu, sannan ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji. A can, wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas tana zubo sinadaran narkar da sitaci da na mai da na furotin gaba ɗaya, lokaci guda. Ko ba wannan ba, ku dubi ƙwayar wake: sitaci da furotin ne a cikin ɓawo ɗaya. Nonon uwa, abincin farko na kowane jariri, sukari ne da mai da furotin a haɗe. Wanda ya ce sai an raba su, da halittar abincin kanta yake jayayya.

An kuma gwada abin a aikace. A shekarar 2000 wasu likitoci a birnin Janiba ƙarƙashin Alain Golay suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutane 54 masu ƙiba. Mako 6 aka yi ana ba kowa kalori 1,100 a rana. Rabi an raba musu mai da sitaci, rabi an haɗa musu. Duka ɓangarorin sun rage nauyi, kuma babu wani bambancin a zo a gani a tsakaninsu. Yawan abin da aka ci ne ya yi aiki.

Wasu haɗe-haɗen ma riba ce. Sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye kamar alayyafo da zogale ya fi shiga jiki idan an matsa masa lemon tsami ko an haɗa da tumatir, saboda bitamin C. Sinadarin da ke cikin karas da gwanda wanda jiki ke mayarwa bitamin A yana buƙatar ɗan mai kafin hanji ya tsotse shi da kyau. Shi kuwa dabino da aka ci tare da ƙwayoyi, sukarinsa ya fi shiga jini a hankali, domin mai yana rage saurin fitar abinci daga tumbi. Ga Musulmi akwai wani abin lura: ya zo a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan haɗa ɗanyen dabino da gurji.

Duk da haka kada mu ƙaryata mai kukan kumburin ciki, domin kumburin gaskiya ne. Mutumin da jiya tuwo da miya ya ci, yau ya tashi da tiren 'ya'yan itace da ganye, ya ninka harzar da yake ci sau da yawa a dare ɗaya. Wannan harzar, tare da wani kaso na sukarin mangwaro da tuffa da kankana, tana wucewa babban hanji ba ta narke ba, ƙwayoyin da ke zaune a can su yi biki a kanta, iska ta taru. Wanda ya bi dokokin Shelton ya ji sauƙi, galibi don ya rage yawan abin da yake turawa ne a zama ɗaya, ya kuma fara tauna a natse. Idan kin lura kankana bayan cin abinci tana takura miki, 'yar'uwa, ki sha ta da hantsi. Cikinki ne ya gaya miki, wannan ya isa hujja, amma bai zama doka a kan maƙwabciyarki ba. Haka muka taso muna jin cewa mangwaro da garin kwaki ajali ne, ga shi kuwa yaran da suka haɗa a ɓoye sun yi furfura.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan harka shi ne, mutum ya shagala da jadawalin me ke tafiya da me, ya manta da haɗurran da ke da tabbas. Ɗanyen jan wake yana da dafin da ƙwaya huɗu ko biyar kan iya sa amai da gudawa, tafasawa ce kaɗai ke kashe shi. Rogo, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da abin da ke rikiɗewa ya zama gubar sayanayid idan ba a sarrafa shi ba. Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗaukar tarin fuka na shanu. Ganye da 'ya'yan itacen da aka wanke da gurɓataccen ruwa hanya ce ta taifot da kwalara. Bitamin B12 kuwa ba a dogara da tsirrai wajen samunsa. Wanda ya bar nama da ƙwai da madara dole ya sha ƙwayarsa. A 1999 masu bincike a Jami'ar Giessen ta Jamus suka bibiyi mutane sama da 500 da suka daɗe a kan cin ɗanye, suka samu kusan kashi 30 cikin ɗari na matan da ba su kai shekara 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke, saboda rama. Mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara ba wurin gwaji ba ne. Hatta kashun da ake sayarwa da sunan ɗanye an turara shi, domin ɓawonsa yana da mai da ke ƙona fata.

Mu koma kan zaƙi, tunda shi ya kawo mu. Mafi sauƙi ga mai farawa shi ne ayaba. A bar ta ta nuna sosai har baƙin ɗigo ya fito a ɓawon, a ɓare, a yayyanka, a sa a firiza ta kwana. Da safe a zuba a bilenda ba tare da ruwa ba. Da farko za ta farfashe kamar tsakuwa, sai ta dunƙule, can kuma sai ka ga ta saki ta yi laushi tana sheƙi, ba ka bambanta ta da askirim. Na biyu, kayansa suna kan tiren mai talla a kowace tasha: dabino, aya, kwakwa. A jiƙa busasshiyar aya ta kwana, a tsane ta, a cire ƙwallon dabino, a gurza kwakwa, a kirɓa a turmi har ya kama jikinsa, a murza ƙanana a tafin hannu. Idan lokacin zafi ne a yi jiƙon a cikin firji, kuma abin da ya rage kada ya wuni a waje.

Sai dai a riƙe lissafi. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne, giram 100 na kashu kuma ya haura kalori 500. Yanka ɗaya na wancan kek ɗin da ba a gasa ba zai iya kamo na gidan burodi wajen nauyi. Dunƙule biyu sun wadatar. Mai ciwon suga ya tuntuɓi likitansa kafin ya fara, kada a ba jaririn da bai shekara ba zuma, kuma bayan an sha lemo ko abarba a kuskure baki da ruwa, a ɗan dakata kafin a goge haƙori, domin tsami yana tausasa fatar haƙori na ɗan lokaci.