Batirin mota yana tada jirgin sama? Gaskiya da ƙarya kan jiragen da ke shawagi a saman Zariya

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zazzau, ko a Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, ya saba da ƙugin ƙananan jiragen da ke kewaya sama. Na Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ne da ke Palladan, wadda aka kafa a 1964, inda ake koyar da matuƙa da injiniyoyi. Da yake mutane suna ganin jiragen kullum amma ba sa kusantarsu, maganganu sun yi yawa a majalisu da garejin makanikai, musamman kan yadda ake tada su. Ga biyar daga ciki, da matsayin kowace.

"Wani lokaci da wutar waje ake tada su." Gaskiya ne. Ƙananan jirage da dama suna da soket a jikinsu inda ake jona waya daga wani keken wuta da ake turowa. Keken yana ɗauke da manyan batura, ko na'urar da ke juya wutar gida ta koma irin ta batir. Ana amfani da shi wajen tada inji, ana kuma amfani da shi idan injiniyoyi za su daɗe suna gwada rediyo da allunan gaban matuƙi, don kada batirin jirgin ya zuƙe. Wannan aiki ne na yau da kullum a filayen jiragen duniya, ba alamar lalacewa ba.

"Batirin mota ma ya isa." Nan gaskiya ta haɗu da ƙarya. Akwai ƙananan jiragen da batirinsu volt 12 ne kamar na mota, amma yawancin na zamani volt 24 ne. Idan aka jona 12 inda ake neman 24, kik ba zai juya inji ba. Idan kuma aka jona 24 inda ake neman 12, ko aka sauya kawunan waya, ana iya ƙona rediyo da na'urori masu tsadar gaske. Janareta na gida kuwa ba ya cikin lissafi, domin wutarsa volt 230 ce mai kai da komo. Ko manyan jiragen da ke sauka a Kano, wutar da ake jona musu volt 115 ce mai bugawa sau 400 a daƙiƙa, alhali ta gida sau 50 take bugawa.

"Idan batir ya mutu a sama, inji ya mutu." Ya danganta da irin jirgin, kuma kwalejin ta yi aiki da iri biyun. Tsofaffin jiragen horo kamar Tampico TB-9 ƙirar Faransa suna da maganeto biyu da ke haɗa wa fulogi wuta da kansu, kamar ƙaramin janareta mai igiya da ke aiki ba tare da batir ba. Batir zai iya mutuwa, rediyo da fitilu su ɗauke, inji yana ta aikinsa. Sababbin kuwa, irin su Diamond DA40 da DA42 ƙirar Ostiriya masu shan kananzir ɗin jirgi, kwamfuta ce ke sarrafa injinsu. Da ta rasa wuta, inji ya tsaya. Shi ya sa ake sa mata ƙaramin batir na ko-ta-kwana.

"Da zarar inji ya tashi, zai cika batir a hanya." Wannan ita ce ƙaryar da ta fi haɗari, domin a mota tana yin kama da gaskiya. A jirage da yawa altaneta ba ta fara ba da wuta sai ta samu 'yar wuta daga batir, kuma batirin da ya zuƙe ƙarƙaf ba ya iya riƙe makunnin da ke haɗa shi da sauran wayoyi. Ko da ya fara karɓar caji, bai da ajiyar da zai agaza idan aka ja wuta mai yawa lokaci guda. An ga haka a garin Speyer na Jamus a watan Maris na 2007. An tada injina biyu na wani DA42 da wutar waje saboda batirinsa ya mutu, saɓanin abin da littafin jirgin ya tanada. Jirgin yana tashi, aka naɗe tayoyi, wuta ta yi ƙasa na ɗan ƙiftawar ido, kwamfutocin suka ɗauke, injina biyun suka tsaya tare. Ya yi saukar dole kusa da filin jirgin da ya tashi daga ciki, ya lalace. Bayan wannan ne aka wajabta batiran ko-ta-kwana a irin jirgin.

"Mai cajin batir na bakin kasuwa zai iya cika shi." Ƙarya ce, ba kuma don masu sana'ar ba su iya aikinsu ba. Farantan da ke cikin batirin jirgi sirara ne, don a rage nauyi, saboda haka cajar mota mai turo wuta da ƙarfi tana iya dafa shi. Yana bukatar caja mai daidaita wuta da kamfanin batirin ya amince da ita, a wuri mai iska, domin caji yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Zafin Maris da Afrilu ma yana saurin zuƙe batirin da aka ajiye, kuma batirin dalma da ya daɗe a zuƙe ba ya komawa daidai.

Abin da injiniya ke aunawa ba "ya tada inji ko bai tada ba" ne. Yana gwada yawan wutar da batir ke iya riƙewa, idan ta gaza kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na asali, gwargwadon ƙa'idar kamfani, sai a cire shi. Dalili shi ne ana son batir ya riƙe rediyo da muhimman na'urori aƙalla minti 30 idan altaneta ta lalace a sama, har matuƙi ya samu filin sauka. Wutar waje tana tada inji a ƙasa, amma waɗannan mintuna 30 batir mai lafiya ne kaɗai ke ba da su.